Google Drive a teburin sakatare: kabad ne mai kyau, amma ba rajista ba ne

Duk wanda ya san aikin ofis a Sakkwato ya san abin da ke cinye takarda: ƙurar hunturu, gara, ruwan da ke yoyo daga silin da damina, sai kuma babbar cutar, wato "oga ya tafi da fayil ɗin gida". Kabad na ƙarfe yana maganin na farkon. Na ƙarshen ne ya sa makarantun kuɗi, ƙananan asibitoci, ƙungiyoyi da ofisoshin lauyoyi suka fara ajiye kwafin takardunsu a Google Drive, wato ma'ajiyar takardu ta intanet ta kamfanin Google. Ga sakataren da ke karɓar wasiƙu, ya buga amsa, ya kuma nemo takardar bara idan an ce a kawo ta yanzu-yanzu, wannan manhaja ta yi wajen ajiya da nemowa. Wajen bin sawun fayil daga tebur zuwa tebur kuwa ba ta kai tsohon littafin rajista ba. Akwai kuma wani rami game da mallakar takardu wanda yawancin ofisoshi ba sa ganinsa sai sun faɗa.

Google ya fito da Drive a watan Afrilun 2012, kuma kowane asusun Gmail yana zuwa da GB 15 kyauta. Idan aka kwatanta da sauran ma'ajiyoyi irinsa, GB 5 na OneDrive da GB 2 na Dropbox, ya fi su hannu sake. Sai dai wannan 15 ɗin ba na Drive kaɗai ba ne, raba shi ake yi da saƙonnin Gmail da hotunan Google Photos. Idan aka ƙaddara kowane shafi da aka yi wa sikanin ya ci KB 400, wurin zai ɗauki shafi sama da 35,000, wanda ya ishi ƙaramin ofis shekaru. Abin da ke cika shi da wuri ba wasiƙu ba ne, bidiyon taro ne da hotunan biki da wayar sakatare ke ɗorawa da kanta. Ranar da ya cika kuwa, ba ɗora takarda kaɗai ke tsayawa ba: Gmail ɗin ma ya daina karɓar saƙo, ya daina aikawa. Ofis zai iya yin kwanaki yana jiran wasiƙar da tuni ta koma wa mai ita. Tun Yunin 2021 takardun da aka rubuta a Google Docs da Sheets, manhajojin Google na rubutu da na jadawali, ma suna cikin lissafin, amma nauyinsu bai taka kara ya karya ba.

Sikanin da waya shi ne abin da ya fi burge mu. A cikin manhajar Drive akwai alamar kyamara. A danna ta, a ɗora wayar saitin takarda, ita za ta gane gefunan, ta yanke teburin da ke baya, ta miƙar da shafin. Wasiƙa mai shafi huɗu a ci gaba da ƙara shafi har a gama kafin a adana, don ta fita PDF guda ɗaya, ba guda huɗu warwatse ba. Wasiƙar da aka buga da baƙin tawada a zaɓa mata baƙi da fari, ta fi sauƙin karantawa kuma ta fi rashin nauyi. Wadda ke ɗauke da hatimi mai launi ko sa hannu da shuɗin biro a bar mata launinta, domin baƙi da fari yakan shafe hatimin da bai kama sosai ba. Haske shi ne sirrin. Kusa da taga, ba cikin tsakar rana ba, kuma a tsaya ta yadda inuwar hannu da ta waya ba za su faɗa kan takardar ba. A shimfiɗa ta kan abu mai duhu, don farar takarda kan farin tebur tana rikita manhajar ta yanke layin ƙarshe, inda sau da yawa sa hannu yake.

Rasit ɗin POS da irin siririyar takardar da wasu bankuna ke bayarwa, a yi musu sikanin a ranar da suka shigo. Ba tawada ce a jikinsu ba, zafi ne ke fito da rubutun, kuma zafi ne ke ɓata shi. A garin da Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, rasit ɗin da aka bari a aljihun tebur kan koma farar takarda kafin masu binciken kuɗi su zo.

Waya ba za ta iya da tsofaffin fayiloli na shekara goma ba. Wannan aikin sikana ne mai jan takarda da kanta. A saita ta a dpi 300, wato ma'aunin kaifin hoton. Ƙasa da 200 ƙananan haruffa suna dusashewa, sama da 300 kuma nauyi ne kawai ga wasiƙar ofis. A cire fil, ƙusar sitefula da igiyar fayil kafin a saka, a kuma bubbuga takardun don su rabu, in ba haka ba injin ya ja biyu a tare, shafi guda ya ɓace ba wanda ya lura. Da hunturu za a ga wani dogon layi baƙi ya ratsa kowane shafi daga sama har ƙasa. Ba lalacewa injin ya yi ba. Ƙwayar ƙura ce ta zauna kan siririn gilashin da takarda ke wucewa ta kansa, sai ta zana layi a duk abin da ya bi. Tsumma mai laushi ya ishe shi, sannan a riƙa rufe injin da zane idan an tashi.

Suna da nema

Drive ba ya tilasta wa kowa tsari. Zai karɓi takarda goma masu suna ɗaya a folda ɗaya bai ce uffan ba. Saboda haka ofishin da bai yanke yadda zai riƙa sa suna ba tun ranar farko, bayan wata shida zai tarar da tarin "wasiƙa", "wasiƙa sabuwa", "wasiƙa ta ƙarshe 2". Tsarin da ke aiki shi ne a fara da kwanan wata, shekara a gaba, sai wata, sai rana, sannan lambar fayil, sannan wanda ya aiko da abin da ake magana a kai. Misali: 2025-03-14 ADM-045 neman hutun shekara. Dalilin sa shekara a gaba shi ne kwamfuta tana jera sunaye ne daga harafin farko, don haka takardun za su jeru da kansu bisa lokaci. Idan aka fara da rana, 01 ga Disamba zai zo kafin 02 ga Janairu.

Lambobin fayil na ofis galibi suna da karkataccen layin nan tsakani, kamar ADM/045/II. A cikin burauza Drive zai karɓe shi, amma Windows ba ya yarda da wannan alamar a sunan takarda, don haka idan ta sauko kwamfuta sai a canja ta. A yi amfani da gajeren layi kwance tun farko. Foldoji kuma su bi sunayen fayilolin da ke cikin kabad, ɗaya bisa ɗaya, yadda masinja da sakatare za su riƙa kiran abu da suna guda. Hawa uku ya isa: sashe, fayil, shekara. Abin da ya wuce haka neman takarda ya koma kamar shiga lungunan tsohon gari.

Neman takarda shi ne inda Drive ya yi wa kabad fintinkau. Ba sunan kawai yake dubawa ba, yana leƙa rubutun da ke cikin PDF har da na hoto. Rubuta sunan ɗan kwangila ko lambar wasiƙa, ya fito da ita ko da an manta foldar da aka jefa ta. Ana iya taƙaita neman da rubuta type:pdf, ko before:2024-01-01 don a ga na kafin wannan ranar kaɗai. Haka kuma idan aka buɗe hoton wasiƙa da Google Docs, zai mayar da shi rubutun da ake iya gyarawa, abin da ke rage wa sakatare sake buga dogon rahoto daga farko. Google da kansa ya ce takardar kada ta wuce MB 2, kuma jadawali da rubutu mai layi biyu a tsaye ba lallai su fito daidai ba. Gaskiya ne, jadawalin albashi yakan fito a hargitse.

A nan ne mai aiki da Hausa zai yi hattara. Haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, sukan rikiɗe wajen wannan karatun, musamman idan bugun bai fito tas ba ko fotokwafi ne na fotokwafi. Sai "ƙasa" ta koma "kasa", "ɗaki" ya koma "daki", kuma kowa ya san ba abu ɗaya ba ne. Duk abin da aka ciro ta wannan hanya sai an bi shi layi-layi kafin ya je gaban maigida. Wajen sa suna kuma ofis ya tsayar da magana guda: ko kowa ya sa ƙugiya, ko kowa ya bari. Shawararmu a bar ta a sunayen takardu kaɗai, domin ba kowace kwamfuta ce aka saita wa allon rubutun Hausa ba, kuma mai nema cikin gaggawa ba zai tsaya neman ƙ ba. A cikin wasiƙar kanta kuwa ƙugiya dole ce. Rubutun hannu na ajami ko tsofaffin takardun gado da na filaye, kada a dogara da injin ya karanta su. A rubuta bayaninsu a cikin sunan, shi ne kawai abin da zai nemo su.

Takardun na wane ne?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata a yi kafin a ɗora ko shafi ɗaya. A asusun Gmail na kyauta, duk wanda ya ɗora takarda shi ne mai ita, ko da a cikin foldar wani ya saka ta, kuma daga gurbinsa take cin wuri. Yadda abin ke faruwa a ofisoshi shi ne sakatare ya buɗe folda da Gmail ɗinsa na kansa, ya raba wa shugaba da akawu, aiki ya yi ta tafiya lafiya. Sai a yi masa canjin wurin aiki, ko a sami saɓani, ko wayarsa ta ɓata ya kasa shiga, ko kuma Allah ya yi masa rasuwa. Idan ya goge takardun don ya sami wuri, sun tafi daga wajen kowa. Kayan aro ba ya rufe katara. Ko ya yarda ya miƙa mallakar foldar, takardun da ke cikinta ba sa bin ta, sai an miƙa su su ma. Ga kuma ƙa'idar Google da ta fara aiki a Disambar 2023: asusun kyauta da ya shekara biyu ba a shiga ba, suna iya goge shi da duk abin da ke ciki.

Mafita mai arha ita ce a buɗe asusu da sunan ofis, a ɗora komai ta cikinsa, lambar wayar farfaɗo da shi ta zama layin ofis, ba na wani ma'aikaci ba. A kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an tabbatar ta waya kafin a shiga, a buga lambobin ko-ta-kwana guda goma da Google ke bayarwa, a sa su a ambulan a kulle a sef. Kowace lamba sau ɗaya take aiki. Amfaninsu zai fito ranar da aka rufe layin saboda matsalar NIN ko aka sace wayar; ba a fafe gora ranar tafiya. Amma kada a mayar da wannan asusun na kowa da kowa. Idan mutum biyar suna shiga da kalmar sirri ɗaya, tarihin gyara zai nuna suna ɗaya ne kawai, ba za a taɓa sanin wanda ya canja adadin kuɗi a wasiƙa ba. Sakatare ya riƙe asusun ofis, sauran a ba su izini ta nasu adireshin.

Mafita ta gaskiya ita ce Google Workspace, wanda ake biya duk wata bisa kowane ma'aikaci. A can akwai rumbun haɗaka wanda takardun cikinsa na ofis ne, ba na wanda ya ɗora ba, kuma mai kula da tsarin zai iya rufe asusun wanda ya bar aiki ba tare da an rasa komai ba. Ƙaramin tsarinsa yana ba da GB 30 ga kowane mutum, na sama da shi TB 2. Makarantu da ƙungiyoyin agaji da suka cika sharuɗɗa suna iya samun wani nau'insa kyauta. Ofishin da ke da ma'aikata fiye da biyar masu taɓa takardu, wannan kuɗin bai kai asarar fayil ɗaya na kwangila ba.

Izini hawa uku ne: mai kallo kawai, mai yin sharhi, da mai gyara. Yawancin mutane na farkon ya ishe su. Zaɓin da ke buɗe takarda ga duk wanda ya sami mahaɗinta shi ne ya fi jawo fallasa, domin da zarar mahaɗin ya faɗa zauren WhatsApp, shi ke nan. Akwai wurin da ake hana masu kallo saukewa, bugawa ko kwafa, amma ba ya hana mutum ya ɗauki hoton allon da wata wayar. Tunda an ambaci WhatsApp: idan dole sai ta nan za a tura, a tura a matsayin takarda, ba hoto ba, don yana matse hoto har ƙananan lambobi su daina karantuwa. Gmail kuma ba ya ɗaukar abin da ya wuce MB 25, sai ya mayar da shi mahaɗin Drive, wanda ke nufin sai an duba an ba mai karɓa izini.

Sai batun sabis da wuta. A watan Satumban 2021 an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar Sakkwato saboda tsaro. A Maris ɗin 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse, aiki ya tsaya cik a wurare da dama na Afirka ta Yamma. Ofishin da takardunsa ke intanet kaɗai, a irin waɗannan ranaku ba shi da komai. Manhajar Drive ta kwamfuta tana da hanya biyu. Ta farko tana nuna sunayen takardu ne kawai, sai an danna ta sauko da su. Tana rage cin wuri amma ba sabis ba aiki, sai waɗanda aka ware tun farko. Ta biyu tana ajiye cikakken kwafi a kwamfutar, ta daidaita da intanet duk lokacin da sabis ya dawo. Ga Sakkwato ta biyun ce zaɓi, balle ofishin da ke Isa ko Tangaza. Takardun Docs da Sheets kuwa sai an kunna musu aiki ba intanet a burauzar Chrome tun akwai sabis. Abin lura: idan aka ɗauke wuta kwamfutar tebur ta mutu ana tsakar ɗorawa, takardar ba ta isa ba, ko da ana ganinta a folda. A duba alamar manhajar a gefen agogo ta nuna ta gama kafin a ce wa oga "na tura".

Wajen buga wasiƙa, Microsoft Word bai sauka daga kujerarsa ba. Docs yana buɗe takardun Word har ya gyara su, amma kan wasiƙa mai tambarin ofis da jadawali sukan goce. Ba shi kuma da hanyar haɗa wasiƙa ɗaya da jerin sunaye ɗari a buga wa kowa tasa, sai an ƙara masa wata manhaja, alhali Word ya daɗe yana yi. Idan za a yi amfani da shi, a duba girman takarda: sau da yawa yana zuwa da ma'aunin Amurka, milimita 216 da 279, mu kuma A4 muke sawa a firinta, 210 da 297. Wannan ne ke sa ƙasan wasiƙa ya zauna ba daidai ba. Inda Docs ya fi shi ne rubuta bayanin taro, sakatare na bugawa shugaba na gyarawa daga wayarsa, kuma ana iya komawa kowane tsohon zubi.

Abin da Drive ba ya yi ko kaɗan shi ne aikin rajista. Ba ya ba wasiƙa lambar shigowa, ba ya nuna tana teburin wa, ba ya tuna wa kowa cewa ranar kaza za a sake fito da fayil. Sharhin da ake liƙawa a gefen takarda ba minit ba ne, wato bayani ko umarnin da jami'i ke rubutawa a fayil ya sa hannu, don mai shi zai iya gyara shi ko ya goge. Ana iya cike wani ɓangare na giɓin da jadawalin Sheets mai gurbin lamba, ranar shigowa, mai aikowa, batu, wanda aka miƙa wa, ranar dawowa, da mahaɗin kwafin. Abu biyu ke ɓata irin wannan jadawalin. Idan saitin ƙasa yana kan Amurka, 03/04 zai zama 4 ga Maris maimakon 3 ga Afrilu, don haka a mayar da shi kan Ingila. Lambar waya kuma sifirin farkonta yana faɗuwa sai an mayar da gurbin na zallar rubutu. Duk da haka littafin da masinja ke kaiwa a sa hannu ya zauna inda yake, da tsohuwar zuma ake magani.

Doka ma tana da ta cewa. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa ofis alhakin bayanan ma'aikata, ɗalibai da marasa lafiya da yake riƙe da su, ta sa sharuɗɗa kan fitar da su wajen Najeriya, kuma fallasar da ka iya cutar da mutane sai an sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa cikin awa 72. Ma'aikacin gwamnati kuma yana ƙarƙashin dokar sirrin hukuma ta 1962. Fayil ɗin rajistar sirri ba shi da abin yi a Gmail ɗin kowa, sai dai tsarin da ma'aikatar ta amince da shi. A kotu, sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 yana neman a bayyana yadda kwamfuta ta samar da takarda kafin a karɓe ta, don haka asalin takardun fili, kwangila da ɗaukar aiki ba a yar da su don an yi musu sikanin.

Kwandon sharar Drive kwana 30 yake riƙe abu, daga nan ya zubar. Takardar Word ko PDF da aka ɗora sabuwa a kanta, tsohon zubinta ma kwana 30 ne ko zubi 100, sai an zaɓi a riƙe shi dindindin. Kuma abin da aka goge a kwamfuta ya gogu a intanet, tunda daidaita su ake yi. Haka bairos ɗin da ya lalata na kwamfuta, lalataccen ne zai hau. Saboda haka duk ranar Juma'a kafin a tashi, a kwafe foldar ofis gaba ɗaya zuwa faifan ajiya na waje, a zare shi daga kwamfutar, a kulle shi a wani ɗaki daban da wanda kwamfutar take. Faifai biyu a riƙa musanya su mako-mako, a manna wa kowanne takarda da ranar da aka yi kwafin ƙarshe. Sau ɗaya a wata kuma a jona ɗaya, a buɗe takarda biyu ko uku daga ciki a tabbatar suna buɗuwa.